Naomi Ɗanladi, Mai Baƙin Allo

Kafin ƙarfe bakwai na safe, tun mai shara bai gama da barandar ofis ba, Naomi Ɗanladi ta riga ta sauka daga kabu-kabu, ta buɗe ɗakinta, ta jefa jaka a ƙasa. Kujerar ɗakin kuwa, takardu ne ke zama a kanta, ita a tsaye take aiki. Takan kunna kwamfuta, ta sunkuya, ta buɗe baƙin allon nan da babu hoto babu ado a cikinsa sai wani ɗan farin layi mai ƙifta ido, ta rubuta kalma biyu: isar duba. Sai sunaye su fara gangarowa, ƙananan asibitoci arba'in da ɗaya na cikin birnin Sakkwato da ƙauyukan gefensa, kowanne da adadin sakamakon gwajin da aka tura masa jiya, da adadin da ya ce ya karɓa. In lambobin biyu sun yi daidai, ta wuce. In sun saɓa, ko da ɗaya ne, to shayin da ta haɗa a nan zai huce.

Sai waya. Gaisuwarta duka a numfashi ɗaya take yin ta, har ana yi mata tsiya a kai. "Malam ina kwana, ya iyali, ya zafi, an tura maka sha biyu, sha ɗaya na gani, ina ɗayan?" Tana magana tana zagaye tebur. Ba ta ajiye wayar sai an gano ɗayan nan, ko wuta ce ta ɗauke a tsakiyar aiki, ko sabis ne ya gudu. Mu da muke aiki a ɗakunan gwajin jini mun saba da wannan kira kamar yadda muka saba da warin sinadari.

A ƙarshen watan nan ta cika shekara talatin da biyar a aiki, ta ajiye. Shi ya sa na ga bai kamata ta tafi shiru ba.

A Tudun Wada aka haife ta. Mahaifinta malamin firamare ne da ya zo daga kudancin Kaduna da akwati ɗaya, ya zauna, ya tsufa a nan. In tana magana ba ka ganin fuskarta, za ka rantse 'yar cikin gari ce tun kaka da kakanni. A 1990 aka ɗauke ta mai buga tafireta a babban ɗakin gwajin da ƙananan asibitoci ke aiko wa samfurin jini da majina. Aikinta bai wuce ta buga sakamako a takarda, ta sa a ambulan, ta jefa a kwali ba. Masinja kan zo da babur sau ɗaya a mako ya kwashe, in babur ɗin na da lafiya. Daga baya tafireta ta tafi, kwamfuta ta zo, amma kwalin yana nan inda yake.

Da daminar 2013 masinja ya dawo da kwali a jiƙe sharkaf, ruwa ya kama shi a hanya. Naomi ta shanya takardun a ƙasan ofis, ta fara sake buga su. A cikinsu ta ci karo da wata da ta tuna ta buga tun makonni biyar baya, ta wani magidanci da aka samu da tarin fuka. Ashe ta yi ta yawo ne tsakanin kwali da jakar masinja, ba ta taɓa isa ba. Ta kira asibitin don ta gaya musu da baki. Mai ɗaga wayar ya ce, "Ai an kai shi makwancinsa, yau kwana tara."

Mijinta, Malam Irmiya, shi ma malamin makaranta ne. Ya ba ni labarin yadda ta dawo gida ran nan ta kasa zama, daga ƙofar kicin zuwa ƙofar gida, daga ƙofar gida zuwa kicin.

"Baban Debora, da hannuna na buga takardar nan."

"To ai ba ke kika jiƙa ta ba."

"Ban jiƙa ta ba. Amma na jefa ta a kwali na juya baya, na ce na gama aikina."

Shekararta arba'in da takwas a lokacin, kuma abin da ta sani a kwamfuta bai wuce buga takarda ba. Duk safiyar Asabar sai ta tafi wani shagon intanet a Gawon Nama, ta nemo darussan rubuta manhaja, ta sa a buga mata su a takarda, ta ɗinke da zare. Babu kwamfuta a gidansu, don haka a littafin rubutu na 'yan makaranta take tsara umarninta da biro, sai lokacin hutun cin abinci a ofis ta shigar, ta ga ko zai yi aiki. Yawanci ba ya yi. Ta yi tambaya a zaurukan masu wannan sana'a na intanet, wasu suka amsa mata da haƙuri, wasu suka ce ta koma ta koyi abin da take tambaya tukuna. Ta koma ɗin, ta koya, ta dawo da wata tambayar. Wata goma sha ɗaya tana wannan fama.

Kafin ta yanke yadda abin zai kasance, sai da ta bi asibitocin da ƙafarta ta ga kwamfutocin da suke da su. Wasu sun girmi ma'aikatan da ke taɓa su. Wata linzaminta, wato maus, ya mutu tun bara. A wani wurin sabis ba ya shiga sai an ɗaga waya sama a bakin taga. Ta gane cewa duk wani abu mai hotuna da maɓallai masu launi a nan zai shaƙe. Sai ta gina ɗan ƙaramin abu, fayil guda ɗaya tak, wanda ba ya buƙatar komai sai madannai da baƙin allo. Mutum ya rubuta umarni, ya danna, ya ga amsa a rubuce. In sabis ya yanke a tsakiya, in ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ta sa masa suna isar, ta kuma yi umarninsa da Hausa: isar tura, isar karɓa, isar duba. Guda ukun nan ta rubuta a kwali da babban alƙalami, ta manna a bangon kowane ɗakin gwaji.

Wanda ya fara yarda a gwada a wurinsa shi ne Malam Gazali, shugaban ɗakin gwajin wani ƙaramin asibiti a Gidan Dare. Shi ma ba da zuciya ɗaya ba. Ya leƙa allon, ya ja baya.

"Maman Debora, wanga abu naki ko hoto babu. Kamar mutum na leƙa rijiya."

"Rubuta dai, Malam."

Ya rubuta da yatsa ɗaya, yana neman kowane harafi. Ya danna. Sakamako goma sha huɗu suka fito, duka na gwajin da aka kammala da safiyar ranar. Ya cire gilashinsa, ya goge, ya mayar. Ya ce, "Sake nuna min."

Daga asibiti ɗaya aka koma uku, daga uku zuwa goma, kafin shekara huɗu sun kai ashirin da uku. Kuma a nan ne ta gane rubuta manhajar shi ne ɓangaren mai sauƙi. Duk lokacin da ta gyara wani abu ta fitar da sabuwar siga, sai ta zuba a filas, ɗan abin nan na kwafar fayil, ta rataya shi a wuya da igiyar takalmi, ta hau kabu-kabu ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Kwamfutar nan ta karɓa, waccan ta ƙi. Wannan agogonta ya koma shekarar 2005, waccan wani ya cika ta da fina-finai har babu wurin ajiye harafi ɗaya. 'Yan kabu-kabun bakin ofis sun san ta har sukan yi rige-rigen guje mata, domin in ka ɗauke ta, ka rabu da inuwa ke nan sai la'asar.

Don ta huta da wannan yawon ne ta gina wata siga ta daban, wadda za ta iya sabunta kanta ta intanet. Ta gwada ta a sabuwar kwamfutar ofis kwana da kwanaki, ba ta ga aibi ba. Wata Alhamis cikin watan Afrilun 2018, ana tsakiyar zafin da kwalta ke laushi, ta saki sigar ga asibitoci ashirin da uku a lokaci guda. Duka suka karɓa. Ta tafi gida ran nan da tsire a leda.

Litinin da safe Malam Gazali ya kira.

"Maman Debora, akwai wata mata mai ciki wata takwas, Zakiyya Ɗanbaba. Ran Alhamis munka aiko jininta. Ta zo Jumu'a babu sakamako, ta zo Asabar babu. Ungozoma ta ce idanunta ba su yi mata ba. Mijinta ya ce sun gaji, sun koma ƙauye."

Naomi ta duba. A wurinta an tura tun Jumu'a da hantsi, allon ma ya ce an gama. Ta buɗe sakamakon da kanta. Jinin matar bai kai rabin yadda ya kamata ba, kuma wanda ya yi gwajin ya sa masa alamar gaggawa.

A lokacin isar ba ya ƙirga abin da ya isa, cewa kawai yake an gama. Sai ta fitar da jerin duk abin da aka tura tun Alhamis, ta fara kiran asibitoci suna karanto mata wanda suka samu, tana sa alama. Talatin da ɗaya babu su. Ta jera sunayen a takarda tana neman abin da ya haɗa su. Ɗahiru. Ɗanjuma. Ƙasimu. Ɗanbaba. Wata sunanta lafiya lau, amma adireshinta Ƙofar Marke. Ta tsaya cak. Ai harafin da sunan mahaifinta ya fara da shi ne ke kallonta. Sabuwar sigar tana rubuta haruffa masu lanƙwasa ta hanyar da tsofaffin kwamfutoci ba su iya karantawa. Kuma ita ce da hannunta ta rubuta layin da ke cewa in an ci karo da abin da ba a iya karantawa a tsallake a wuce, don kada aiki ya tsaya. Ya tsallake kuwa, bai ce wa kowa komai ba, kwana huɗu.

Sakinatu, mai kula da rajistar samfur a ofishin, tana tsaye a bayanta. Naomi ta juyo ta miƙa mata takardar.

"Sakinatu, ga sunaye, ga lambobi. Ki kira su ki karanta musu sakamakon da baki, ɗaya bayan ɗaya, kada ki tashi sai kin gama."

"Ke fa, Anti?"

"Zan je in nemo matar nan."

Lambar wayar da ke katin Zakiyya a kashe take. Abin da aka sani kawai, sunan mijinta Mode, manomin shinkafa ne a wani ƙauye na bakin gulbin Rima, gaba da Kwalkwalawa. Naomi ta biya Gidan Dare ta ɗauki Malam Gazali, suka hau babura biyu. Rana ta take. Iskar da ke bugun fuska kamar daga bakin murhu take fitowa. Suka bar kwalta suka shiga turɓaya, suka tambaya a bakin masallaci, aka ce Mode uku ne a garin, wanne? Suka ce mai mace da tsohon ciki. Aka nuna musu wani gida a ƙarshen layi.

Zakiyya na kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, tana numfashi sama-sama. Malam Gazali ya yi sallama, ya nemi izinin tsohuwar gidan, ya buɗe tafin hannun matar. Fari fat. Ya dubi Naomi. Aka aika fadama aka kira Mode, ya zo da laka har gwiwa, fuskarsa a ɗaure.

"Sau biyu munka tahi, sau biyu anka ce muna babu. Ga shinkahwa ta nuna, tsuntsaye na ci. In bar ta in koma zaman benci?"

Malam Gazali ya buɗe baki zai fara bayani, Naomi ta riga shi. Ta durƙusa a turɓayar nan.

"Malam Mode, ba asibiti ne suka yi maka laifi ba, ni ce. Sakamakon matarka ya fito tun Jumu'a, a hannuna ya maƙale. Jininta ya yi ƙasa ƙwarai. In ta fara naƙuda a haka, ina tsoron abin da zai faru. Ka yi fushi da ni yadda kake so, amma ka bari mu tafi da ita yanzu."

Ya daɗe yana kallonta.

"Ke likita ce?"

"A'a. Ni ce mai aika takarda."

Ya juya ya dubi matarsa, ya dubi mahaifiyarsa. Tsohuwar ta ce, "Tashi ka nemo mota." Wata a-kori-kura da ta zo ɗaukar albasa aka samu, aka shimfiɗa katifa a baya. Kafin azahar ta wuce suna babban asibiti. Aka nemi jini leda biyu. Naomi ta miƙa hannu, aka gwada, nata bai dace ba. Mode ya ba da ɗaya, Malam Gazali ya naɗe hannun riga ya ba da ɗaya. Likitan da ya karɓe ta ya ce da an ƙara kwana biyu, da wata magana ake yi. Bayan mako uku Zakiyya ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace.

Naomi ba ta tsaya ganin an ɗaura jinin ba. Tana jin an ce an samu, ta fita ta tare babur. Ba ta gina wa sabuwar sigar hanyar komawa baya ba, kuma ta ce ba za ta ƙara tura abin da ba ta gani da idonta ba. Don haka filas ɗin nan ya koma wuyanta. Asibiti ashirin da uku cikin kwana uku, kowanne ta cire sabuwar, ta mayar da tsohuwar, ta tsaya sai ta ga sunan wani Ɗahiru ya fito a allo sannan ta wuce. Ran Alhamis leɓɓanta sun tsage, muryarta ta dushe. A cikin mutum talatin da ɗayan nan ba a rasa ko ɗaya ba, amma wani dattijo mai tarin fuka ya yi jinkirin fara magani, kuma har yau in aka ambaci shekarar sai ta kawo sunansa.

Da aka zauna taron bincike, wani daga cikin manya ya ce a rubuta matsalar sabis ce a rufe maganar, ai kowa ya san halin sabis a garin nan. Kowa a ɗakin ya so hakan, don kowa na son ta. Ita ta ce a'a.

Ke ce, Maman Debora, kika ɗauki biro kika rubuta shafi biyu, kika faɗi layin da ya jawo abin, da ranar da kika rubuta shi, da dalilin da ya sa ba ki gano ba, kika sa sunanki a ƙasa. Ke ce kika sa aka buga kwafi ashirin da uku aka kai kowane asibiti, har waɗanda ba su ma san an yi ba. An ba ki takardar gargaɗi, kika karɓa da hannu biyu, kika ce a ba ki mako shida ki gyara.

Abin da ta yi a makonni shidan nan shi muke cin moriyarsa har yau. Ta roƙi wata tsohuwar kwamfuta da asibitin Malam Gazali suka yi watsi da ita, ta ajiye a ƙarƙashin teburinta, ta ce duk sigar da ba ta yi aiki a kan wannan gyatumar ba, ba ta fita ƙofa. Ta tara sunaye ɗari na gwaji, masu lanƙwasa da masu ɗauri da masu tsawon da ya wuce hankali, kowace siga sai ta haɗiye su duka ta mayar da su daidai. Ta hana isar yin shiru: in ya kasa karanta abu, ya tsaya ya faɗa da manyan haruffa, ya kuma faɗi wanda za a kira. Ta sa shi ƙirgar abin da ya fita da abin da ya isa. Ta ƙara umarni na huɗu, isar koma, wanda ke mayar da mutum tsohuwar siga cikin minti ɗaya ko babu sabis. Ta yi wa kowace siga hatimi da wani makullin sirri da ita kaɗai ke riƙe da shi, yadda in wani ya kwafi fayil ɗin a filas mai cuta ya kawo, kwamfutar za ta ƙi karɓa. Sabuwar siga kuwa ba ta fita Alhamis ko Jumu'a, sai Talata, kuma asibiti uku kaɗai ke fara samu, su yi mako guda da ita kafin sauran.

"Anti, ai wannan gyaran harafi ɗaya ne," in ji wani abokin aiki wata rana, "sai an jira Talata?"

"Wancan ma harafi ɗaya ne."

Daga lokacin zuwa yau ta fitar da siga sama da sittin. Ban ji an ce wani sakamako ya ɓace a hanya ba tare da an sani a ranar ba.

Ba zan ce zama da ita daɗi ne kullum ba. Tana da gajen haƙuri, kuma in ka ce mata "ya ƙi yi" ba tare da ka karanto mata abin da allon ya rubuta ba, za ka ji abin da ba ka so. Ranar auren 'yarta Debora, ana tsakiyar waƙa a coci, aka gan ta a waje ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, da gwaggwaro a ka, tana koya wa wani a Gawon Nama yadda zai gyara agogon kwamfutarsa. Malam Irmiya ya ce ya daina yi mata faɗa tun da ya lura in ya ƙwace wayar, ba ta cin abinci. Babban aibinta kuma shi ne ta riƙe komai a hannunta ita kaɗai. Shekara da shekaru babu wanda ya san yadda ake haɗa siga, babu wanda ya san inda makullin hatimin yake.

Sakinatu ce ta tare ta da maganar, shekara biyu da suka wuce. Mace ce mai 'ya'ya huɗu, mai sanyin magana, wadda ta yi shekaru tana jin kiran wayar nan na safe ta bango.

"Anti, in kika kwanta ciwo gobe, wa ke da makullin?"

"Ba zan kwanta ba."

"In kin kwanta fa?"

Kwana biyu Naomi ba ta yi mata magana ba. A rana ta uku ta kwashe takardun da ke kan kujerar nan ta zube a ƙasa, ta ce, "Zo ki zauna." Ta ba ta littattafan nan na biro, tun na farko. Ta zauna ta rubuta duk abin da ke kanta, daga yadda ake haɗa fayil ɗin don sababbin kwamfutoci da tsofaffi, har zuwa asibitin da sai an kira mai gadi ya tada janareta. Koyarwar ba ta zo da sauƙi ba, don Sakinatu na rubuta harafi biyu hannun Naomi ya kai kan madannai. Sai da Sakinatu ta kafa mata doka: in tana koyo, Anti ta riƙe kofin shayi da hannu biyu.

Talatar da ta wuce ita ce ta ƙarshe. Akwai sabuwar siga da za a saki, kuma an yi da ita cewa Sakinatu ce za ta yi daga farko har ƙarshe, ita kuwa ta fita baranda. Ta fita. Na je wurin ran nan, na gan ta. Daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, ta dawo, ta leƙa taga.

"Kin gwada a kan gyatumar?"

"Na gwada, Anti."

Ta tafi, ta dawo.

"Sunayen ɗari fa?"

"Duk sun fito."

"Asibiti uku kawai fa, kada ki..."

"Anti, don Allah."

Sakinatu ta buga hatimin da sabon makulli nata, ta saki. Aka yi minti shida ana jira. Sai waya ta yi ƙara, kuma a kan teburin Sakinatu ta yi. Malam Gazali ne. Ya ce ta shigo lafiya, ya karɓi sakamako tara, tara aka turo.

Naomi ta shigo ɗakin a hankali. Ta ce saura abu ɗaya, a cire sunanta daga jerin masu izinin sakin siga. Sakinatu ta ce a bar shi mana, ko don wata rana.

"In kika bar shi, wallahi zan taɓa. Na san kaina. Cire."

Sakinatu ta cire, idonta ya kawo ruwa. Naomi ta ce ai ba a yarda da gyara sai an gwada. Ta sunkuya ta rubuta sunanta, ta danna. Allon ya amsa da layin da ita ta tsara masa shekaru da suka wuce domin baƙin hannu: Ba a san wannan suna ba.

Ta karanta, ta gyaɗa kai. Ta ce, "Yana aiki." Ta ɗauki jakarta daga ƙasa.

Ku matasanmu da ke koyon rubuta manhaja a garin nan, ga abin koyi kusa da ku, ba sai kun duba nesa ba. Ku je ku ga kwamfutar da za a yi aiki da abinku a kanta kafin ku gina. Ku yi masa hanyar komawa baya kafin ku sake shi. In kun yi kuskure ku sa sunanku a ƙasa, kuma ku koya wa wani tun kuna da ƙarfi. Ku kuma shugabannin ofisoshi, ku leƙa ƙananan ɗakunan da ke ƙarshen baranda, ku tambayi wane ne ke riƙe da abin da kullum yake aiki har kuka manta da shi.

Maman Debora, 'yar Malam Ɗanladi, mai baƙin allo da farar zuciya, mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiya, ya kuma koya miki zama, don Malam Irmiya ya ce ya sayi kujeru biyu ya ajiye a inuwa. Na'urar ta faɗi abin da kika koya mata, kuma daidai ta faɗa. Amma a ɗakunan gwaji arba'in da ɗaya, da wani gida a ƙarshen layi a bakin Rima inda wata yarinya ta shiga aji biyu bana, an san wannan suna.